Injin da Ba Ya Gurnani

'Yan sanda sun rufe babbar hanya tun da hantsi. Myron Pylypchuk ya faka tirelarsa a bayan wani gidan abinci na bakin titi, a layin manyan motocin da guguwa ta tsayar kamar tasa, ya shiga ya zauna kusa da taga duk da babu abin gani a cikinta sai fari. Dusar ƙanƙarar ranar ba daga sama take saukowa ba, a kwance take gudu, iska na kora ta daga wannan gona zuwa waccan. Sanyi ne irin wanda ko a Manitoba, yankin nasu da ya saba da sanyi, sai da mai rediyo ya yi ta roƙon mutane su zauna a gida. Washegari jajiberin Kirsimetinsu ce, wadda cocinsu ke yi a watan Janairu, kuma ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai iso gona kafin duhu. Ga shi ko rabin hanya bai ci ba.

Bernice, matar da ke raba abinci, ta dire masa kofi. Ya ciro waya ya kira tsohuwar don ya ce mata kar ta tsaya jiransa.

"Mama, barka da rana. Sun rufe hanya fa."

"To sai ka yi zamanka," in ji Stefania. "Da ma me za ka zo ka tarar? Injinka ya mutu."

"Wane injin?"

"Guda nawa ka sa mini? Injin nan naka mai ilimi. Tun jiya bai ce uffan ba."

Myron ya rufe ido ya ja numfashi. Wannan rigima ba yau aka fara ta ba. Tsohon injin ɗumama gidan, wanda marigayi Wasyl mahaifinsa ya kafa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun Myron na rarrafe, abu biyu kawai ya iya a duniya: ko ya tashi da dukkan ƙarfinsa, ko ya mutu murus. In zai tashi sai ya buga wata ƙara kamar an jefar da tukunya, cokula su yi rawa a kabad, sannan ya yi ta gurnani yana huro iska mai ƙuna har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Daga nan ya yi ɗif, sanyi ya lallaɓo ta ƙasan ƙofa, a sake mayar da rigar. Haka aka raini Myron, tuɓe riga, mayar da riga. Da kakar bana cikin injin ya tsage, mai gyara ya leƙa sau ɗaya ya rantse ba da hannunsa za a sake kunna shi ba.

Myron ya sa aka kawo sabo, irin mai fankar nan da ke rage gudu ta ƙara gwargwadon abin da gida ke buƙata. Shi direba ne, bai sha wahalar ganewa ba. Tsohon kamar direban da bai iya komai ba ne sai ya take totur har ƙasa sannan ya danna burki, sabon kuwa ƙafarsa na kan totur a hankali duk tsawon hanya. Ba ya tsayawa, ba ya ihu, gas kaɗan yake sha, wuta ma kaɗan. Kuma tunda iskar gidan na bi ta matatarsa dare da rana, tarin da tsohuwar ke fama da shi kowane hunturu ya lafa har ita kanta ta manta da shi. Amma a ce ta yaba? Stefania ba ta yarda abu na aiki sai ta ji yana wahala.

Ya janye wayar daga kunne ya duba. Wanda ya kafa injin ya haɗa masa ma'aunin da ke bangon falo da wayarsa, kuma ga shi nan ɓaro-ɓaro: inji na aiki, ɗumin falon daidai inda aka saita shi.

"Mama, yana aiki. Ga shi ina gani. Falonki ya fi inda nake zaune ɗumi."

"Kana gani! Daga ina kake gani? Ni da nake cikin gidan ban gani ba sai kai? Na durƙusa na sa hannu a bakin ragar da yake huro ɗumi ta ciki, iskar da ke fitowa ko kyanwa ba za ta ɗumama ba. Na sauka ƙasa na kara kunne a jikinsa, sai wani ɗan huci kamar na majinyaci. A irin wannan sanyi, na babanka da tuni ya girgiza gidan nan."

"Ai haka aikinsa yake, Mama. Ba sai ya yi zafi da yawa ba tunda ba ya tsayawa."

"Kar ka koya mini sanyi, Myron. A cikinsa na haife ka."

A nan ne ya lura. Kalmomin nata ne, zafin bakin ma nata ne, amma suna fitowa suna jan ƙafa, kamar na wadda aka tasa daga barci. Stefania kuwa ko a gadon asibiti ba ta iya magana a hankali ba.

"Mama, lafiyarki ƙalau kuwa?"

"Kaina ne ke ɗan sarawa. Sanyin ne. Amma kar ka damu kanka, na yi dabarata. Yanzu kicin ɗin nan kamar rani."

"Wace dabara?"

"Irin ta da mana. Na kunna obin, wurin gashin nan na murhun gas, na bar ƙofarsa a buɗe."

Myron ya ajiye kofin da ya ɗauka bai kai baki ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da gari ya waye."

"Ƙofar kicin ɗin a buɗe take?"

"A buɗe? Don ɗumin ya gudu? Na rufe ta na rataya bargo a kai. Ragar nan taka mai huro sanyi ma na shimfiɗa mata darduma na ɗora kujera."

Duk wanda ya tashi a gonakin nan ya san wannan dabara, kuma ya san gidan da aka yi ta aka fito da gawa. Kowane hunturu sai an faɗa a rediyo, an faɗa a coci, kowane hunturu kuma sai an sami mai taurin kan da zai ce ai kakarsa haka ta yi har ta kai tsufa tukuf. Abin da ba sa faɗa shi ne, gidajen kakannin nan iska ta ko'ina take shiga. Gidan Stefania kuwa Myron ne da hannunsa ya bi ya toshe duk wata kafa da ya gani. Murhun gas ɗinta tsoho ne, wutarsa ja-ja take ci maimakon shuɗiya, kuma gubar da irin wannan wuta ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Da ciwon kai take farawa, sai kasala, sai wani barci mai daɗi wanda ba a tashi daga gare shi.

"Ƙararrawar gubar gas da na manna miki a bango fa? Ba ta yi kuka ba?"

"Wannan 'yar banzar? Ta ishe ni da tsuwa ɗazu. Na cire ta na kai baranda na kifa mata bokiti."

Bai san ya miƙe ba sai da ya ji kujerarsa ta faɗi a bayansa.

"Mama, ki kashe obin ɗin nan. Yanzu-yanzu. Ki buɗe ƙofar waje."

"Ka haukace ne? In buɗe ƙofa a wannan iska, ga inji a mace? So kake ka zo ka tarar da ni a sandare kamar kifin firij?"

Ya toshe bakin wayar da tafin hannu ya juya. Direbobin da ke sauran tebura sun daina tauna, kowa shi yake kallo.

"Bernice, don Allah ki kira mini lambar gaggawa. Mahaifiyata ce. Gas."

Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kira, yana faɗa mata sunan gonar da hanyar da ake bi, tana maimaitawa. Amsar da ta dawo ba ta yi masa daɗi ba. 'Yan kwana-kwanan garin, waɗanda su ma manoma ne masu aikin sa kai, za su fito, amma sai motar share hanya ta shige musu gaba, kuma babu mai iya cewa yaushe za ta isa. Kafin nan, in ji su, a fitar da matar daga ɗakin.

A fitar da ita. Da wane hannun?

Sai ya tuna da Lucien Desjarlais, maƙwabcin gonarsu, wanda suka yi makaranta tare. Maƙwabci ne irin na can, wanda ba a hango rufin gidansa sai ranar da gari ya yi wasai. Myron ya karɓi wayar Bernice ya kira shi, waya ɗaya a kowane kunne.

"Kai ɗan tirela, ka faɗa rami ne?" in ji Lucien yana dariya.

"Mama ta kunna obin ta rufe kanta a kicin tun safe. Muryarta ta fara ja."

Dariyar ta ɗauke. "Taraktata za ta tashi, na bar ta a jone da wuta don kar injinta ya daskare. Amma ko shingen gidana ba na gani. Zan bi layin turakun lantarki a hankali. Kai dai ka riƙe ta da magana, kar ka bari ta zauna."

Myron ya miƙa wa Bernice wayarta ya koma kan tasa. "Mama? Mama!"

"Ina jin ka... ihun me kake yi. Na ɗan zauna ne. Kujerar nan da daɗi take."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da tirela ta ƙwace masa a kan gada. Ya san uwarsa. In ya ba ta umarni za ta ƙi don ya ba ta umarni. In ya roƙe ta za ta ce ya daina abu kamar ƙaramin yaro. In ya ce mata mutuwa za ta yi, za ta ce ta binne waɗanda suka fi ta. Ga shi yana jin numfashinta na ƙara tsawo, kuma ya san in kanta ya jingina da kujerar nan, shi ke nan. Dole ya samo abin da zai ɗaga ta tsaye, abin kuma sai ya zama wanda zai ba ta haushi.

"Mama, naɗin kabejin gobe, kin yi?"

"Da me zan yi? Kabejin na sama... kai nake jira ka sauko mini da shi. Gwiwoyin nan rabonsu da benen sama tun kaka."

"A ina yake a saman?"

"Inda ake ajiyewa mana. Ɗakinka. Lucien ya hau mini da randar kabejin, da man shanu, da tuffa."

Ɗakinsa shi ne na kusurwar arewa. Zafin tsohon injin bai taɓa isa can ba, domin kafin iskar ta gama hawa bututu ta kai ƙarshen gidan, injin ya riga ya mutu. Da hula Myron yake kwana yana yaro, ruwan da ya bari a kofi ya wayi gari da ɓawon ƙanƙara. Yana barin gida Stefania ta mayar da ɗakin ma'ajiyar abincin hunturu, kamar yadda matan yankin ke yi da duk ɗakin da ya fi sanyi, tana ma alfahari da cewa ya fi firij riƙe kabejin tsami. Lucien kuwa ya hau da kayan ne kafin a canza injin.

Injin da ba ya tsayawa, iskarsa ba ta da dalilin kasa kaiwa ƙarshen bututu. Haka dai mai kafawar ya ce. Myron bai hau ya duba ba, kuma bai sani ba ko ragar ɗakin a buɗe take ko tun shekarun baya wani ya rufe ta.

"To Mama, sai haƙuri. Kabejinki ya ruɓe."

"Me ka ce?"

"Ya ruɓe. Man shanun ma ya narke. Injin nan har can yake kai ɗumi, wata nawa ke nan ɗakin na dahuwa."

"Ƙarya kake yi." Muryar ta ɗan farfaɗo. "Ɗakin nan ko wuta ka hura a tsakiyarsa ba ya ɗumi."

"Je ki duba mana. In kin tarar da sanyi, na yarda injin ya mutu. Ni da kaina zan sa a cire shi, in nemo miki irin na Baba mai gurnani, in kuma faɗa a gaban kowa a coci cewa ke ce da gaskiya."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa."

Myron ya danna wayar a kunne har ya ji zafi. Can sai ƙarar kujera ta ja a ƙasa. Wani abu na tangaran ya faɗi ya fashe.

"Mama!"

"Kofi ne. Ɗakin ne ke juyawa... bari in dafa."

"Ki dafa tebur. Ki bi bango. Ina kike yanzu?"

"Ga bargon. Wa ya sa shi nauyi haka?"

Ya ji tana kokawa da shi, ya ji ƙusar da ta rataye shi ta fita, sannan ƙofa ta yi ƙara. Bernice na tsaye a gefensa da butar kofi a hannu, ta manta da ita. Wani dattijon direba ya tashi ya je ya kashe rediyo ba tare da kowa ya sa shi ba.

"Ki bar ƙofar a buɗe, Mama. Ki wuce kawai."

"Falon ma... ba laifi," ta ce, kamar wadda aka tilasta wa gaida maƙiyi. "Ɗumin kicin ne ya biyo ni."

"Na ji. Ki hau."

Benen gidan tsaye yake, ga ƙunci, irin na tsofaffin gidajen gona. Ya san kowace matakala da kukanta. Ya ji ta farko ta yi, ta biyu ta yi, tana nishi tana zagin gwiwoyinta da wanda ya gina benen. Zagin nan ya fi masa kowace waƙa daɗi. Ta ci gaba har wajen inda benen ke karya kwana, sai wayar ta bugu da katako, zagin ya tsaya.

"Mama?"

Babu amsa.

"Mama, ki yi magana!"

Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Da tsohon injin ne, a sanyi irin na yau, ba abin da zai ji a wayar sai gurnani da rawar bututu. Yanzu gidan shiru yake, shirun har ya kai ya ji numfashinta, siriri, yana shiga yana fita kusa da wayar. Tana raye. A kwance take a kan matakala, ga kicin a buɗe a ƙarƙashinta, obin na ci.

Ya kira ta da Mama, ya kira ta da sunanta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Numfashin dai bai canza ba. Hawaye na zubo masa, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya san ba za ta yafe ba.

"To ki kwanta abinki. Da ma na san ba za ki iya ba, kin tsufa. Gobe zan biya ta gidan limamin coci in karɓo naɗin kabejin matarsa. Kowa ma ya ce nata ya fi naki."

Numfashin ya sarƙe. Aka yi tari. Hannu ya lalubo wayar.

"Wa... ya ce?"

"Kowa."

"Matar da ke zuba tumatirin gwangwani?" Ta yi nishi mai tsawo. "Ɗan banza. Haihuwar asara."

"Na ji. Ki hau ki nuna mini."

Da rarrafe ta ƙarasa, ya gane haka daga yadda wayar ke bugun kowace matakala. Ya ji ta ja jiki a kan katakon sama, ya ji ta kama mariƙin ƙofa ta kasa, ta sake kamawa. In ɗakin nan da sanyi, za ta ce ta ci gardama, ta juya ta koma wurin obin ɗinta, kuma babu wata ƙarya da ta rage masa.

Ƙofar ta buɗe. Aka ɗan ɗauki lokaci.

"Wayyo kabejina!"

Myron ya zauna daɓas a kujerar da wani ya ɗaga masa.

"Wayyo Allah, wari! Randar ta yi kumfa har ƙasa! Man shanun ya bi takarda ya malale a kan tebur! Myron, ka kashe ni, me zan sa a gaban mutane gobe?"

Dariya da kuka suka haɗe masa. Ita ma faɗan nata ya yi ƙasa a hankali, har ya ƙare.

"Ɗakin da ɗumi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ga iskar nan tana taɓa mini ƙafa. Ɗakinka da ɗumi, Myron."

"Na faɗa miki."

"To in haka ne gas ɗina ke ta ƙonewa a banza. Bari in sauka in kashe."

"A'a!" Ihun da ya yi sai da Bernice ta zabura. "Kar ki sauka! Mama, kar ki kuskura!"

"Kai wane irin mutum ne? Ɗazu kana ihu in kashe, yanzu kana ihu kar in kashe."

"Ɗazu kina kusa da shi. Yanzu in kin koma ba za ki sake fitowa ba. Lucien na hanya, shi zai kashe. Ki rufe ƙofar ɗakin, ki buɗe taga."

"Tagar nan? Ka manta ne? Ƙanƙara ke like ta, ba ta buɗuwa sai bazara."

"Wannan da ne. Ki gwada."

"Ba za ta..."

Sai ya ji katako ya zame sama, iska ta cika wayar da ruri. Tagar da ya yi ƙuruciyarsa yana kankare mata ƙanƙara da farce ta buɗe da turi ɗaya na tsohuwa marar ƙarfi. Ya ce ta ja bargon gadon ta lulluɓa, ta sa fuskarta a bakin tagar, ta yi ta shaƙa. Ya ji ta yi amai, ta tsine wa kabejin, ta sake shaƙa. Ya sa ta faɗa masa sunayen shanun da suka taɓa kiwo, don dai kar ta yi shiru, tana faɗa yana gardama da gangan tana gyara masa. A hankali kalmomin suka daina jan ƙafa.

"Kina hango Lucien?"

"Ba na hango komai. Fari ne kawai." Ta rage tagar, rurin iskar ya ragu. "Myron."

"Na'am, Mama."

"Na yarda yana aiki. Ba sai ka faɗi komai a coci ba."

"To."

"Amma ka san wani abu? Na babanka, in ya buga ƙarar nan tasa sai in ce masa, to sarkin surutu, an tashi? In ya mutu in ce, har ka gaji ke nan, malalaci. Tun da aka binne Wasyl da shi nake hira. Wannan naka kuwa, sai in wuni in kwana ba abin da ke motsi a gidan nan sai ni. Jiya da iska ta taso na yi ta saurare, na yi ta saurare. Obin ɗin dai ko ba komai ana ganin wutarsa."

Myron ya yi tunanin gas, ya yi tunanin tarinta, ya yi tunanin gwiwoyinta sa'ad da yake zaɓen injin nan, har ya yi murna da aka ce masa ba shi da ƙara. Wannan ɗaya ce bai yi tunaninta ba, kuma ta soke shi har cikin rai.

Sai ƙugin tarakta ya shigo cikin wayar. Aka banko ƙofar ƙasa. Ya ji takun manyan takalma a guje, ƙarar tagogi ana ɗaga su, tari, sannan takun ya hau bene.

"Gwaggo Stefania, sannu. Kai, wannan wari fa? Ba ni wayar." Muryar Lucien ta matso, yana haki. "Myron, ga ta nan a zaune, tana harara ta, ka ga alamar lafiya ke nan. Na kashe obin. Kicin ɗin nan, ni da na shiga riƙe da numfashi sai da kaina ya juya. Zan naɗe ta in kai ta gidana, motar asibiti ta same mu a can, dole su duba ta. Bari in kashe, zan kira ka in mun isa."

"Kar ka kashe masa," in ji Stefania daga gefe. "Sa mini wayar a aljihun riga. Ya yi ta surutunsa, ina ji."

Aka yi ƙarar yadi, sautin komai ya dusashe. Myron ba mai magana ba ne, a gidansu ma an san shi da haka. Ya goge fuska da hannun riga, ya dubi teburin da ke gabansa, ya fara ba ta labarin miyar da Bernice ta kawo wa mutumin da ke kusa da shi, da yadda aka tsinka ta da ruwa, ba kamar tata ba.